Aikin mataimaki a ɗakin gashin ƙashi: yadda ake shiga da yadda za ka yi shi ba ka cutar da kowa ba

Ƙanin wani abokina ne ya tare ni bayan sallar isha'i a nan unguwar Jahun cikin garin Bauchi, shekararshi biyu da gama sakandare, JAMB ta ƙi, zaman gida ya ishe shi, wai don Allah in nuna mishi hanyar da zai zama likitan gashi kamar ni. Na ce mishi tsaya tukun, ni ba likita ba ne, mataimaki ne a ɗakin gashi, kuma in har ba ka yarda da wannan bambancin tun ranar farko ba to gara ka nemi wata sana'ar, don wata rana sai ka illata mutum. Abin da na faɗa mishi a daren nan shi zan ɗan faɗaɗa, saboda na san akwai matasa da yawa maza da mata a Bauchi da ke sha'awar aikin asibiti amma ba su san ta ina ake kama shi ba.

Likitan fisiyo na ainihi, wanda mutanenmu ke kira likitan gashin ƙashi, jami'a yake yi shekara biyar zuwa shida, irin su Bayero a Kano ko Jami'ar Maiduguri, ya fito ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan hukumar MRTB ta ba shi lasisi. Hukumar nan ita ke kula da duk masu wannan fannin a Najeriya, an kafa ta da doka mai lamba 38 ta shekarar 1988. Likitan shi ke duba majinyaci, ya gano inda matsalar take, ya tsara abin da za a yi da sau nawa za a yi, shi ne kuma zai ce a ƙara ko a daina. Kai mataimaki hannunshi ne da idonshi. Ka gyara ɗaki, ka haɗa kayan aiki, ka ɗauko majinyaci daga keke zuwa gado, ka tsaya kusa da shi yana atisayen da aka ba shi, ka lura, ka kai rahoto. A Amurka ma hawa biyu suka raba abin, akwai wanda takardar sakandare kawai gare shi ana koya mishi a bakin aiki, akwai kuma wanda ya yi kwas na shekara biyu ya karɓi lasisi, shi an yarda ya taɓa wani ɓangare na maganin a ƙarƙashin likitan. Mu nan sunayen a cakuɗe suke, wani wurin ma'aikacin wod ne kawai aka turo sashen ya zauna ya goge. Kar kuma ka raina kalmar mataimaki. Aikin fisiyo kanshi a ƙasar nan da horar da mataimaka ya fara, lokacin da wasu Turawan Ingila biyu suka zo asibitin ƙashi na Igbobi a Legas a 1945, sai a 1966 Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri.

Toh yaya ake shiga? Ka fara da tattara takardunka, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, ta ƙaramar hukuma, hotuna. In kana da wata takardar lafiya, misali ka yi kwalejin kiwon lafiya ta Ningi ko ta Kaltungo, ka riga wasu gaba. In ba ka da ita amma ka taɓa zama ɗan agaji ko ka yi horon taimakon gaggawa da Red Cross, ka rubuta a takardar neman aikin, yana da tasiri fiye da yadda kake zato don yana nuna ka taɓa riƙe mutumin da ba shi da lafiya ba ka gudu ba. Manyan wuraren da ke da sashen fisiyo kowa ya san su, asibitin koyarwa na ATBU, asibitin ƙwararru na jiha, na tarayya da ke Azare, in Gombe ta fi maka kusa akwai asibitin koyarwa na tarayya a can. Amma waɗannan ba kullum suke ɗaukar aiki ba, sai sun yi talla, na jiha kuma ta hukumar kula da asibitoci ake bi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai samo maka ofa, ka riƙe kuɗinka. Hanyar da na ga ta fi yi wa mutane aiki ita ce ƙananan wuraren gashi masu zaman kansu waɗanda likitan fisiyo mai lasisi ke riƙe da su. Ka yi wanka ka sa kaya masu tsafta ka je da kanka da safe, ka nemi ganin shugaban wurin, ka ce yallaɓai ina son in koyi aiki ko da na sa-kai ne na wata biyu ko uku. Da yawansu hannu ne ya yi musu kaɗan, majinyata sun cika benci mutum ɗaya ke fama. Kuma ka tambaya ka ga lasisin mai wurin, ba rashin kunya ba ne, kare kanka ne. Haka makarantun nan da ke tallan wai satifiket ɗin fisiyo a wata uku, kafin ka biya ko sisi ka bincika ko MRTB ta san da zamansu.

Maganar kuɗi kuwa ba zan ruɗe ka ba, ba aikin da za ka yi arziki da wuri ba ne. A gwamnati matakin ƙasa ne na albashin ma'aikatan lafiya, mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, a wurare masu zaman kansu kuma yadda kuka daidaita ne, saboda haka ku yi maganar a fili tun farko, nawa ne, ranar nawa ga wata, awa nawa, da Asabar ko babu. Kafin ka fara ka je ka yi gwajin ciwon hanta, in ba ka da shi ka yi rigakafin, allura uku ce, ta farko, bayan wata ɗaya, sai ta wata shida. Za ka riƙa taɓa masu gyambo da masu raunin hatsarin acaɓa, kar ka yi wasa da wannan.

Ranar aiki kana riga kowa zuwa. Ka goge gadaje, ka shimfiɗa zanin gado mai tsafta, ka kunna tukunyar da ake dafa jakunkunan gashi don tana ɗaukar lokaci, in babu wuta ka san wa zai tada janareto, ka ƙirga tawul, ka duba wayoyin injin ko ɓera ya ci, ka jera katunan waɗanda za su zo. Bayan kowane majinyaci a goge gado a wanke hannu da sabulu. Wannan ɓangaren sati ɗaya ya ishe ka ka iya.

Inda nake son ka nutsu shi ne zafi. Sunan ma da muka sa wa aikin, gashi, shi ke ruɗar mutanenmu, suna ganin zafin shi ne maganin, iya zafinshi iya warkewa. Alhali zafin don ya sassauta nama ne ya rage ciwo a samu a motsa gaɓar, motsin shi ne asalin aikin. Ruwan tukunyar nan yana kaiwa digiri 70 zuwa 75, jakar da ka ciro daga ciki in ta taɓa fata kai tsaye ƙuna ce nan take. Shi ya sa ake naɗe ta da tawul ninki shida zuwa takwas, a ɗora ta a kan mutum ba a kwantar da mutum a kanta ba, minti 15 zuwa 20, kuma bayan minti biyar na farko sai ka ɗaga ka kalli fatar da idonka.

Da idonka na ce, don ni abin ya taɓa faruwa a hannuna. A wani wuri da na fara aiki, lokacin damina ce tawul duk sun ƙi bushewa, aka kawo wani dattijo daga wajen Dass mai ciwon gwiwa, kuma yana da suga, an rubuta a katin amma ban karanta ba. Na naɗe jakar da tawul biyu da na samu na ɗora mishi, na ce Baba da zafi? Ya ce a'a ɗana, ai daɗi nake ji, bar shi ya shiga. Na tafi taimaka wa wata mata ta hau gado. Da na dawo na ɗaga, gefen gwiwar ya yi ja wur, kafin a tashi aiki ya yi bororo. Ba ƙarya ya yi min ba, suga ta cinye jijiyoyin da ke jin zafi a ƙafarshi, bai ji ba ne da gaske. Na je na faɗa wa likitan a take, ya yi min faɗa sosai kuma ya yi daidai, aka wanke aka ɗaure, amma ƙunar nan ta fi wata ɗaya kafin ta rufe saboda raunin mai suga ba ya saurin warkewa, ga kuɗin mota da 'ya'yanshi ke kashewa duk zuwa. Har yau in na ɗauki jakar gashi sai na tuna fuskar dattijon nan yana ce min babu komai, ƙaddara ce. Tun daga ranar ba na ɗora wa kowa zafi sai na karanta kati, in tawul bai kai ba in ce bai kai ba a jira. Masu suga, masu shanyewar ɓarin jiki, masu raunin laka, tsofaffi tukuf, ƙananan yara, duk kar ka dogara da bakinsu. Wasu kuma suna ji sarai, kawaici ne da kunya ke hana su magana, musamman iyayenmu Fulani, mutum na ƙonewa zai ce maka lafiya lau. In kuskure ya faru kar ka ja zani ka rufe, ka faɗa.

Ƙanƙara ma haka, a naɗe ta a tsumma mai ɗan danshi, kar ta wuce lokacin da aka ce, kuma ba a sa wa mai sikila. Injin nan mai ɗan jan wuta da ake manna wa fata, wanda ake kira TENS, likita ne ke nuna inda za a manna da ƙarfin da za a sa, ba a sa wa wanda aka dasa wa batir a zuciya, ba a manna shi a kan cikin mai juna biyu ko a gaban wuya. Majinyaci zai ce maka ƙara min wuta, ka ce bari in tambayi oga.

Sai ɗaukar mutum, wanda shi ne rabin aikinka, kuma yawancin waɗanda za ka ɗauka masu shanyewar ɓarin jiki ne don hawan jini ya yi yawa a cikinmu. Za ka ga 'yan uwa sun sauko da Baba daga Keke Napep, ɗaya ya kama hannun da ya shanye yana ja, wani ya zura hannu a hammata ya ɗaga. Ka tsayar da su cikin ladabi. Naman kafaɗar nan ya saki, babu abin da ke riƙe ƙashin a gurbinshi, ja ɗaya zai iya gotar da shi, daga nan ciwon kafaɗa ya hana mutum barci ya hana shi atisaye wata da watanni. Yadda ake yi, ka kawo keken ta ɓangaren da ke da lafiya ka ɗan karkata shi kusa da gado, ka danne birki biyun, ka naɗe matakan ƙafa. Ka tada shi zaune a bakin gado ka bar shi ya ɗan huta, ka tambaye shi ko yana jin jiri, don wanda ya daɗe a kwance in ya miƙe farat ɗaya jininshi na iya sauka ya zube. Ƙafafunshi su taka ƙasa sosai, ba da silifas mai santsi ba. Ka tsaya a gabanshi ka tokare gwiwar da ba ta da ƙarfi da gwiwoyinka, ka riƙe shi ta ƙugu, da bel ɗin ɗauka in akwai, ka ce Baba sunkuyo gaba, da bismilla za mu tashi tare, ɗaya, biyu, uku. Kar ka bari ya rataye a wuyanka. Kai kuma ka lanƙwasa gwiwa, bayanka a miƙe, ƙarfin ya fito daga cinya, in ba haka ba shekara biyu kai ma za ka hau gadon. In mutum ya fi ƙarfinka ka kira wani, babu gwaninta a nan. In kuna tafiya ka tsaya ta ɓangaren da ya shanye ɗan baya kaɗan, sanda kuma a hannu mai lafiya take. In ka ji yana sulalewa kar ka ce sai ka tsayar da shi, ka bi da shi ƙasa a hankali a jikin ƙafarka kana kare kanshi.

Masu sandar hammata, tsakanin sandar da hammata a bar faɗin yatsa biyu zuwa uku, nauyi a tafin hannu yake, in ya rataya a hammata zai danne jijiya hannu ya mutu. A matakala ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo da sanduna ke fara sauka. Wanda ba ya iya juyawa a gado kuma a juya shi duk awa biyu, ka koya wa masu jinya su riƙa duba ƙugu da diddige da ƙasan baya, nan gyambon kwanciya ke farawa.

Akwai abubuwan da in ka gani ba ka jira a gama, ka tsayar da komai ka kira likita. Mutum ya dafe ƙirji, ko numfashi na yi mishi wuya, ko gumi ya karyo mishi babu dalili, ko baki ya karkace magana ta sarƙe. Sai kuma sha-raɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi tana ciwo, musamman ga wanda ya daɗe a kwance ko aka cire wa siminti. Dangi za su ce ɗan matsa mishi mana. Kar ka taɓa, yana iya zama gudan jini ne a jijiya, in tausa ta ɓalle shi ya tafi huhu ana iya rasa mutum a wurin.

Ranar yara ta fi kowace rana taɓa zuciya. Yaron da shawara ta kama yana jariri ko ya sha wuya wajen haihuwa har ya shekara biyu wuya bai tsaya ba, jaririn da hannu ɗaya ya saki saboda an ja shi wajen fitowa, yarinyar da aka yi wa allura a ɗuwawu a kemis aka taɓa jijiya ƙafa take ja. Shan inna dai alhamdulillahi tun 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ainihin nau'in ƙwayar cutar, wanda ake kira na daji, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan suna zuwa. Uwa za ta kalle ka ta ce likita yaushe zai yi tafiya? Ka ce Mama ni mataimaki ne, bari likitan ya zo ya yi miki bayani. Kar ka ce wata uku, kar kuma ka ce ba zai yi ba. Abin da ke hannunka shi ne ka sake nuna mata atisayen da aka koya mata har hannunta ya faɗa, ka yaba mata don wallahi matan nan suna ƙoƙari, wata daga Ganjuwa ko Alkaleri take goyo yaro ɗan shekara biyar ta zo. Wanda kuma ya fara zuwa wurin mai ɗori gwiwa ta sage kafin ya iso, kar ka zage shi ko ka zagi mai ɗorin, ya riga ya zo, in ka kunyata shi gobe ba za ka gan shi ba.

Mata, aikin nan na neman ku sosai. Hajiya mai ciwon baya ko wadda ƙugu ya buɗe bayan haihuwa ba za ta saki jiki namiji ya riƙe ta ba, wata mijin ma ba zai bari ta dawo ba in babu mace a ɗakin. Kai namiji kuma ka ja labule, ka yi sallama kafin ka shiga, ka buɗe iya wurin da za a yi wa aiki ka rufe sauran, ka faɗi abin da za ka yi kafin hannunka ya sauka, in mace ce a samu 'yar uwarta ko ma'aikaciya a wurin. Bauchi ƙaramin gari ne, wanda ka riƙe da safe yana fitsari a roba za ka iya haɗuwa da ɗanshi a Wunti da yamma, abin da ka gani a ɗaki ya tsaya a ɗaki, hoto kuma ko da niyyar neman mishi taimako ne ba ka ɗauka.

Jarabawar da ta fi kayar da mataimaka tana zuwa ne bayan ka yi kamar shekara ɗaya hannunka ya faɗa. Ɗan wani Alhaji zai ja ka gefe ya ce kawo Baba asibiti na ba mu wahala, ka riƙa zuwa gida da yamma kana yi mishi za mu sallame ka, kuɗin kuma ya fi albashinka. Na san waɗanda suka bi nan, suka sayi fitilar gashi a kasuwa suka zama likitocin unguwa. Na farko dai laifi ne a doka yin aikin babu lasisi. Na biyu, kai motsin ka iya, ba ka san dalilinshi ba, ciwon bayan da kake murzawa yana iya zama tarin fuka ne ya ci ƙashin baya ko ciwon daji ne ya bazu, likita zai gane alamun ya tura hoto, kai za ka yi ta danna ƙashin da ya rube. Ka kai maganar wurin oga, in ya ga ya dace ya je ya duba ya tsara, ya tura ka a ƙarƙashinshi, kowa ya samu nashi kuma Baba na cikin aminci.

In kuma zuciyarka na son ka zama mai tsarawar, hanya a buɗe take kuma ka fi ɗan ajinku da bai taɓa riƙe majinyaci ba. Kana buƙatar kiredit biyar, Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, a JAMB kuma Turanci da waɗannan ukun na kimiyya, makin yana da tsada don masu nema sun yi yawa. Ka sayi ɗan littafi ka sa a aljihun riga, duk sunan nama ko ƙashi da ka ji oga ya faɗa ka rubuta, in layi ya ragu wajen azahar ka tambaye shi me ya sa aka ba wannan zafi aka ba wancan ƙanƙara. Shi ƙanin abokin nawa na ce ya zo ranar Litinin ƙarfe bakwai da rabi da takalmi rufaffe mara santsi, ya yanke farce, ya zo da agogo mai nuna sakan, sati biyun farko kuma tawul da gado kawai zai taɓa.